Tsimin da Na Sha a Malaz

Na sauka Riyad a tsakiyar zafi, da abayar aro da ta fi ni tsawo, duk inda na ɗaga ƙafa sai na taka bakinta. Sani, mijina, ya riga ni zuwa, yana dako a kasuwar kayan marmari ta Aziziya. Ni kuwa takardar aikatau aka yi mini da sunan wani kafili, wato Balaraben da ke tsaya wa baƙon ma'aikaci, da har na baro ƙasar ban ga fuskarsa ba. A waya Sani ya sha cika mini baki cewa ya kama mana gida. Da muka isa na ga gidan, na juya na dube shi, shi kuma ya sami wani abin kallo a ƙasa.

Wani tsohon bene ne a unguwar Malaz. Wata mata ce mai suna Hajiya Kande ta karɓi hawa na sama a hannun Balarabe mai gidan, ta yayyanka shi da katako, ta zuba mu a ciki, iyali biyar, duk Hausawa. Idan maƙwabci ya yi atishawa, kai da ke naka ɗakin ne za ka ce masa yarhamukallah. Hajiya ta daɗe a ƙasar, Larabci a bakinta kamar ruwa, ga haƙorin Makka biyu. Ita ke samo wa mata aiki, ita ce ungozoma, ita ce alƙali idan miji da mata sun saɓa. Rabin matan gidan ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka ko tari ba sa yi sai da izininta. Ba zan ɓoye ba, ranar da na zo ita ta ba ni tukunya da matashin kai, ta ce in ɗauke ta uwa. Na ɗauke ta kuwa.

A saman rufin benen akwai wani ɗan ɗaki, nan take ajiye manyan jarkoki na tsimi. Sana'arta ke nan ta gefe: tsimin amare, tsimin masu jego, tsimin laulayi. Duk yamma Sani zai dawo daga Aziziya da kwali a kafaɗa, inabi da dabino da tuffa waɗanda suka fara laushi, 'yan kasuwa sun ture gefe. Kyauta yake kawo mata don ta riƙa kallonmu da idon rahama. Ita kuma ta murtsuke su, ta zuba kanumfari da citta da wasu sassaƙe, ta kawo kofi ɗaya na zamzam da aka yi wa tofi ta tsiyaya a kai, ta murɗe murfin jarka tam. A garinmu Inna, mahaifiyata, jiƙa magani take da yamma a sha da safe. Hajiya kuwa barinsa take makonni a cikin zafin Riyad, wai sai ya tsumu yake jin magani.

Ban daɗe ba na sami ciki, laulayi ya kama ni kamun kazar kuku. Ruwa ma bai zama. Gidan da nake aikatau suka sallame ni, uwar gidan ta ce ba za ta biya mai amai a bayinta ba. Na kwanta a bayan katako ina kukan Inna. Kwaɗon rama kawai nake so, irin wanda take yi da ƙuli mai yaji, da kunun tsamiya a ƙwarya. Na aika mata saƙon murya na ce lafiyata ƙalau, don ban ga amfanin tayar da hankalin tsohuwa daga nesa ba.

Sai ga Hajiya da kwalba. Ta buɗe murfin, ya yi fuss kamar lemo.

"Tashi, Binta. Kofi da safe, kofi da yamma. Kwana biyu ki ba ni labari."

Na sha. Akwai tsami, akwai zaƙi, ga wani ɗumi da ya bi ƙirjina ya sauka. Amai ya tsaya, barci ya zo, har na fara dariya da abin da bai kai a yi dariya ba. Wata rana na ce mata, "Hajiya, idan na sha kaina juyawa yake yi."

"Maganin ne ke bin jijiya," in ji ta. "Dabinon Madina ne fa da zamzam. Ke a ƙasa mai tsarki me kike tsoro?"

Nan ne ta gama da ni, kuma nan ne take gamawa da kowa. Mu a kanmu giya wata aba ce a kwalba mai takarda, ana sayar da ita a unguwar da 'ya'yan mutunci ba sa zuwa. Ga mu a ƙasar da ko da kuɗinka ba ka ganinta a kanti. Wa zai kawo a ransa cewa dabino da ruwan zamzam, a hannun tsohuwa mai carbi, za su koma abin da Allah ya haramta? Kofi biyu ya koma uku, ya koma duk lokacin da zuciyata ta tashi. Haka na sha shi tun daga watan farko har ranar da naƙuda ta kama ni.

Na haifi namiji, ɗan mitsitsi. Muka sa masa sunan mahaifina, muna ce masa Abba. Tun yana 'yan watanni zazzaɓi ya mai da shi gida. Idan zai yi fitsari sai ya miƙe ya ƙanƙame yana tsala ihu. Ga nono yana sha amma ba ya ƙiba. Hajiya ta ce shawara ce, ta ce haƙori ne, ta ce bakin mutane ne. Da na ga wata safiya fatar idonsa ta kumbura, na goya shi na ce wa Sani yau ko dai ya kai mu asibiti ko in fita in tare mota da Larabcina na kicin.

Wani ƙaramin asibitin kuɗi muka je a nan Malaz. Likitar mace ce, 'yar Sudan, mai sanyin murya. Aka gwada fitsari, aka gwada jini, aka shafa wa Abba wani abu mai yauƙi a ciki aka ɗauki hoto. Ta juyo da allon ta nuna mana wasu abubuwa biyu kamar ƙwayar wake. Sani yana fassara. Ta ce ƙodojin yaron ƙanana ne, ba su kai yadda ya kamata ba, ta hagu ma ta fi ƙanƙanta. Sai ta shiga tambaya. Akwai mai ciwon ƙoda a danginmu? Babu. Na yi ciwon sukari da ciki? A'a. Sai ta yi wata tambayar da Sani ya yi jim kafin ya juyo mini da ita.

"Wai tana tambaya ko kin sha giya lokacin da kike da ciki."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"Ni? Gaya mata ni jikar liman ce! Don ta ga baƙar fata da abayar aro shi ne za ta ɗora mini wannan? Ita ba baƙa ba ce?"

Likitar ba ta ji Hausa ba, amma ta ji fuskata. Ta ɗaga hannu ta ce kowace uwa take yi wa wannan tambayar. Sannan ta ce, to maganin gargajiya fa? Na ce wa Sani, "Gaya mata tsimin Hajiya." Sai na ji ya take mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, ya dubi likita ya ce, "Wala shai." Larabcina bai taka kara ya karya ba, amma wannan kam na san shi, don kullum shi nake ji idan na tambayi uwar ɗakina ko akwai sauran abinci. Ma'anarsa ba komai.

A hanya na tare shi. "Me ya sa ka ce ban sha komai ba?"

"Binta, ki rufa mana asiri. Idan aka ce a kawo tsimin a gwada fa? Gidan nan rabinsa ba takarda. Kuma ni nake kai mata kayan."

"To in an gwada me za a gani?"

Mutumin da ke yini a cikin kwalayen inabi ya san warin da inabi ke yi idan ya kwana biyu a rana. Tun daga ranar na fara yi masa wani irin kallo, kuma ya san ina yi.

Ranar da aka ce mu dawo, na bari ya tafi kasuwa, na ɗauki ragowar kwalbar tsimina na cusa a jakar kayan Abba, na tafi ni kaɗai. A ɗakin jira na ji wata dattijuwa tana waya da Hausar Maradi. Na matsa na gaishe ta. Sunanta Atine, kuku ce a gidan wasu Turawa a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ciwon gwiwa ya kawo ta. Ba ta san ni ba, amma ta karɓi Abba ta ɗora a cinya, ta ciro ayaba a jakarta ta ba ni ta ce in ci, fuskata ta nuna ban karya ba. Na roƙe ta ta shiga ta yi mini fassara. Na ce ga ma maganin da nake so likita ta gani, na ɗan murɗa murfin a cikin jaka.

Atine ta sunkuya ta shinshina. Ta yi maza ta danne hannuna, ta waiga hagu da dama.

"Ke ɗiyata, rufe! Wa ya ba ki wanga abu?"

"Tsimi ne, Iya. Na laulayi."

"Tsimi mi? Wanga warin shi nika wankewa cikin kofunan mutanena duk randa sunka yi baƙi. Giya ta. Kada ki yarda ki fiddo ta nan, ɗaure ki za a yi."

Na tuna ɗumin nan na ƙirji, da barcin, da dariyar banza. Wata tara ina buguwa safe da yamma, ina yin bismillah kafin in kai kofi baki.

Muka shiga, kwalbar tana jaka, na faɗa wa likita komai da baki, Atine tana juyawa. Na ce idan 'yan sanda za ta kira, ta kira, amma ta fara gaya mini abin da na yi wa ɗana. Ta ce ita aikinta yaro, ba kamu ba. Ta yi mini bayani a hankali. Ta ce abin da uwa ta sha yana ratsawa ya isa ga ɗan da ke ciki, shi kuma ba shi da ƙarfin da zai fitar da shi. Ta ce a cikin ƙoda akwai wasu 'yan ƙananan matatai masu tace jini, a cikin mahaifa ake gina su, idan an haifi yaro an rufe ginin, ba a ƙara ko ɗaya. Giya tana iya taɓa wannan ginin, yaro ya fito da kaɗan, su yi ta aikin da ya fi ƙarfinsu har girmansa.

Na ce, "To ita ce ta yi masa haka?"

Ta ce ba za ta rantse ba. Wasu yaran ana haifarsu haka ba tare da uwa ta sha komai ba, kuma su kansu sassaƙen da ba a san su ba suna iya cutar da ƙoda. Amma ta ce babu wani awo na giya da za ta ce wa mai ciki ta sha ba komai. Abba zai rayu da magani, da rage gishiri, da awon jini da na fitsari a kai a kai, watakila har abada. Sannan ta yi tambayar da ta hana ni zama.

"Akwai wata mai ciki da ke sha yanzu?"

Akwai. Zuwaira, maƙwabciyata ta bayan katako, yarinya mai yawan kunya, cikinta na fari. Kullum da safe ina jin fuss ɗin kwalbarta daga ɗakina.

Da azahar na isa gida. Na ajiye Abba a ɗaki na hau rufi. Hajiya na can a inuwar ɗan ɗakin tana tsince dabino a tire.

"Hajiya, giya kike dafawa."

Ta ajiye tiren. "Me kika ce?"

"Na ce giya ce a jarkokin nan. Ita kika ɗura mini wata tara, ga yarona can da ƙoda kamar ta ɗan tsako."

"La'ilaha illallahu! Ni Kande? Ni da na yi ɗawafi tun ba a haife ki ba? Da zamzam a ciki, don ubanki?"

"Zamzam ɗin ya hana inabi ruɓewa? In magani ne, me ya sa ban taɓa ganin kin kurɓa ba? Me ya sa duk ranar da Balarabe zai zo duba gida kike sa wa ɗakin nan kwaɗo?"

"Larabawa ba sa son warin maganinmu," in ji ta, amma ba ni take kallo ba.

Har yau ban san iyakar abin da ta sani ba. Watakila tun farko kuskure ne, ta ga mata suna barci suna godiya, ta ƙi tambayar kanta. Amma mutum ba ya kulle abin da yake ganin tsarkakakke ne.

Hayaniyar ta fito da matan gidan. Na zaci idan suka ji za su tsaya a bayana, don kusan kowaccensu ta sha, wasu ma sun ba 'ya'yansu na goye a cokali. Ina! Wata ta ce ita ta sha ta haifi uku lafiya lau. Wata ta ce ƙaddara ce ta sami ɗana nake neman wanda zan shafa wa. Wata ta riƙe mini hannu tana raɗa, "Binta, ki yi wa Allah ki sassauta murya. So kike a kwashe mu a kai gidan tarhil, a koro mu gida? Wa zai ciyar da na gida?" Wannan kam ban ga laifinta ba, lokacin ana ta kamen marasa iƙama, kowa a tsorace yake. Abin da ya ƙona mini rai shi ne babu wadda ta ce a zubar. Duk so suke in yi shiru, gobe da safe Zuwaira ta ɗauki kofinta. Zuwairar tana tsaye a bakin matakala, hannunta a kan cikinta.

Na ce, "Ba zan kira kowa ba. Amma wallahi ba za a ƙara shan wannan ba."

Na ture Hajiya daga ƙofar, na kama jarkar farko na murɗe murfin. Ya yi tsalle ya bar hannuna, kumfa ta yo waje. Na kifar da ita a bakin magudanar ruwan rufi, na koma na jawo ta biyu. Ban san inda na sami ƙarfin ba. Hajiya tana dukana da tire a baya tana tsine mini da Hausa da Larabci, ban ko waiga ba sai da na ga ƙarshen ta ƙarshe. Wari ya turnuƙe rufin, ya bi bututu ya sauka har titi. Wannan warin babu mai ce masa magani. Matan da ke musu da ni yanzu su ne suka ruga da bokitai da sabulu, wata ta kunna turaren wuta a tsakiyar rana, suna wanki suna zagina.

Kafin la'asar kayanmu suna bakin titi. Sani ya dawo ya tarar da ni zaune a kan katifa da Abba a cinya. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "Idan wala shai za ka ce, riƙe abinka." Ya rufe bakin, ya je ya nemo wani abokinsa mai ɗaukar kayan lambu da a-kori-kura. Wani ɗaki muka samu a bayan kasuwar Aziziya, nan muka ƙarasa zamanmu na Riyad. Abba yana nan da ransa, yana makaranta yanzu a gida Nijeriya. Tukunyarsa daban nake ɗorawa ba gishiri, kuma ya san hanyar asibiti fiye da hanyar gidan kakarsa. Duk ranar da aka ɗaura masa abin awon jini a ɗan hannun nan nasa, fushin yana dawo mini sabo.

Amma ranar, muna cikin loda kaya, ba wanda ya leƙo ya yi mana sallama a cikin mutanen da muka ci tuwo tare. Na hau bayan motar na zauna a kan buhun tukwane. Direba ya tayar. Sai na ji ana buga jikin motar da tafin hannu. Zuwaira ce, ta rufe fuska, tana haki saboda matakala. Ta buɗe gefen abayarta ta nuna mini kwalba, saura rabi.

"Yaya Binta," ta ce, "wata na shida ke nan ina sha. Na makara?"

Na so in ce mata a'a. Wallahi na so. Amma ƙarya mai daɗi ita ta kawo ni inda nake.

"Ban sani ba, Zuwaira. Likitar ma ba ta sani ba. Amma wannan da ke hannunki bai shiga ba tukuna."

Ta ɗaga kai ta dubi bene. Hajiya tana taga, ta ɗage labule tana kallonmu, kuma Zuwaira ba ta da iƙama, ba ta da wani wurin kwana sai bayan katakon nan. Sannan ta murɗe murfin, ya yi fuss, ta durƙusa da ƙyar saboda cikin, ta tsiyaye shi a gindin tayar motar har ɗigon ƙarshe.

"Wane asibiti ne kika je?" ta ce.

Na gaya mata sunan titin, na ce ta nemi likita 'yar Sudan, kuma kada ta yarda mijinta ya yi mata fassara.